Abin da Katse Layin Waya Ya Nuna Game da Kafofin Sada Zumunta

Masana ilmin halittu suna da wata tsohuwar dabara ta gano aikin gaɓa a jiki, wato su cire ta su ga abin da zai lalace. Ta haka ne a shekarar 1889 wasu likitoci biyu, von Mering da Minkowski, suka cire wa kare wata gaɓa da ke bayan tumbi, mai suna fankiriyas, sai karen ya kamu da ciwon sukari. Daga nan aka gane cewa tana da hannu wajen daidaita sukari a jini.

Ba a yi wa al'umma irin wannan gwaji da gangan, amma wani lokaci yakan zo da kansa. A farkon Satumba 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a dukkan Jihar Zamfara, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, domin a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Da farko an ce mako biyu ne. Gusau ta sami layi a farkon Oktoba, amma Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi sun ƙara makonni a cikin shiru.

Kafin mu ga abin da ya lalace, mu waiwaya kaɗan. Jirgin ƙasa ya isa Ƙaura Namoda a 1929, kuma shekaru da dama labari yana tafiya ne da saurin jirgi da mota da bakin 'yan kasuwa, sai kuma rediyo. Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. Facebook ya fito a 2004, WhatsApp a 2009, kuma da farko an ɗauke su abin hirar samari da ɗalibai. A ganina babban sauyin ya zo ne a 2013, lokacin da WhatsApp ya kawo saƙon murya. Daga ranar ba sai mutum ya iya rubutun boko ba. Manomi da mahauci da tsohuwa a cikin gida duk suna iya danna waya su yi magana da Hausarsu, a ji su a Legas ko Makka.

To, da aka katse layi, ba hira kawai ta tsaya ba. Mai hatsi ya rasa hanyar jin farashin Kano kafin ya yi lodi. Masu POS sun rufe, domin kuɗi ba ya shiga ba ya fita. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, waɗanda suka saba samun sanarwa a zauren ajinsu na WhatsApp, sai sun taka da ƙafa. Sanarwar rasuwa da ta suna ta koma hannun direbobi. Wasu har Funtuwa, a Jihar Katsina, suke zuwa don su buga waya. Abin da aka ɗauka na nishaɗi ashe ya zama kamar jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi.

Sai dai ɗalibin kimiyya ya lura, gwajin ba tsaftatacce ba ne. An katse kira da intanet gaba ɗaya, an kuma rufe kasuwannin mako-mako, har da babbar kasuwar Shinkafi, a lokaci guda. Idan an canza abubuwa uku tare, ba a ɗora sakamakon a kan ɗaya kaɗai.

Jijiyoyi kuma ba sa tantance saƙo. Hanyar da ke sanar da ƙauye a Zurmi cewa an ga babura a daji, ita ce ke ɗauko tsohon hoton wata ƙasa a ce jiya aka ɗauka. Jita-jita tana yaɗuwa ne kamar annoba. Alal misali, idan mutum ɗaya ya tura saƙo ga biyar, kowane ɗayansu ya tura ga wasu biyar sababbi, a zagaye na goma adadin ya kusa miliyan 10, fiye da mutanen jihar baki ɗaya. Amma idan cikin mutum goma da suka karɓa ba a sami goma sababbi da aka tura wa ba, saƙon zai mutu da kansa, kamar yadda ƙyanda ke mutuwa a garin da aka yi wa yawancin yara rigakafi.

Mun ga misalinsa a Agusta 2014, lokacin cutar Ebola, da saƙo ya zagaye ƙasa cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. An kwantar da mutane a asibiti, wasu sun rasu. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2018 ya nuna cewa a Twitter labarin ƙarya ya fi na gaskiya saurin tafiya, kuma mutane ne suka fi yaɗa shi, ba na'urori ba. WhatsApp da kansa ya bi lissafin masu yaƙi da annoba: a Janairu 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, a 2020 kuma ya mayar da saƙon da ya sha yawo zuwa wuri ɗaya tak.