Saba Ta Faɗi, An Tayar da Ita, Ta Sake Faɗuwa: Ina Ake Gano Dalili a Linux?

A daren 30 ga Yuni, 2012, masu kula da agogon duniya suka ƙara sakan ɗaya domin lokaci ya yi daidai da juyawar ƙasa. Nan take sabobin Reddit da Mozilla suka cije, a Ostareliya kuma fasinjojin Qantas suka yi cirko-cirko saboda manhajar Amadeus da ake tantance matafiya da ita ta tsaya. Laifin yana cikin kanel, wato zuciyar Linux: ƙarin sakan ɗin ya rikita ma'aunin lokacinsa, sai manhajoji, musamman na Java, suka shiga juyi a wuri ɗaya har suka cinye ƙarfin na'ura kaf. Waɗanda suka lura cewa komai ya rikice a sakan guda ne suka fara gano bakin zaren, kuma da yawansu sake saita agogo kawai suka yi, lamarin ya lafa.

Linus Torvalds ne ya fara Linux a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, kuma tun Nuwamban 2017 duk manyan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da shi suke aiki. Tsarin da ya kai nan ba ya yawan faɗuwa haka siddan. Idan saba na mutuwa a kai a kai, kashewa da kunnawa jinkirta matsalar kawai yake yi.

Abin da gwani ke fara tambaya shi ne: da ƙarfe nawa ta mutu, me take yi a lokacin? Linux na rubuta abin da ya same shi. Umarnin journalctl -b -1 yana nuna bayanan kunnawar da ta gabata, muddin an saita a adana su, dmesg kuma yana kawo saƙonnin kanel.

Sau da yawa ma na'urar ba ta mutu ba. Idan RAM ta cika maƙil, kanel na sakin wani ɓangarensa mai suna OOM killer, ya zaɓi manhajar da ta fi cin wuri ya kashe ta. Rumbun bayanai irin MySQL ne ya fi shan wannan hukunci, sai shafi ya ɗauke alhali saba na kunne. Cikar faifai ma tana jawo irin haka, umarnin df -h kuma zai nuna ta nan take.

Idan kuwa bayanan sun yanke ƙit, babu ko kalmar ƙorafi, to a duba ƙarfen kansa. Memtest86+ na gwada RAM, smartctl na faɗin lafiyar faifai. A garuruwa irin Kano da Sakkwato da Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ƙurar hunturu na toshe fanka, na'ura ta kashe kanta don kada ta ƙone. Sauyawa daga wutar gari zuwa janareta ma na iya kifar da ita idan batirin UPS ya tsufa.

Mafi wuya shi ne kanel ya firgita ya tsaya cak, domin ba lallai ya samu damar rubuta komai ba. Nan ne kdump ke da amfani: yana tanadar ƙaramin kanel na biyu wanda zai kwashe abin da ke cikin RAM ya ajiye domin bincike. Idan matsalar ta biyo bayan sabunta kanel ne, GRUB, wato manhajar da ke tayar da Linux, na ba da damar komawa tsohon a gani.

Sai dai kdump ba ya ceto abin da ya riga ya wuce. Duk mai kula da saba ya kunna shi tun na'urar na lafiya, ya tura bayananta zuwa wata kwamfuta dabam, kuma in ya zo gyara ya riƙa canza abu ɗaya-ɗaya yana rubutawa.