Yadda Ake Cewa "Ya Yi Fice" da Sipaniyanci

Mai karatu, idan yaro ya fi ƴan ajinsu ƙoƙari, mukan ce ya yi fice. Ka lura da kalmar nan da kyau. Daga "fita" ta samo asali. Ke nan yaron ya fita daga cikin taro, kowa na ganin shi.

To, ba Hausawa kaɗai ke da wannan tunani ba. Bari mu leƙa Sipaniyanci. Shi ne harshen ƙasar Sipaniya, can Turai. Ana yin shi kuma a Meziko, da Kuba, da Arjantina. Nan Afirka ma, da shi ake aikin gwamnati a Gine Ekwatoriyal.

Kalma ta farko ita ce sobresalir. Kada tsawonta ya ba ka tsoro. Raba ta biyu. Sobre shi ne "bisa". Salir shi ne "fita". In ka haɗa su, ka samu "fita bisa". Ka gani? Su ma fita suke cewa, kamar mu.

Daga gare ta aka samu sobresaliente. A lekol ɗinmu, bisa 20 ake ba da maki. A Sipaniya bisa 10 ne. Wanda ya samu 5 ya ci jarrabawa. Wanda ya samu 9 ko 10, shi ake rubuta ma sobresaliente.

Kalma ta biyu ita ce descollar. Ana faɗin ta "deskoyar". Ta fito daga cuello, wato wuya. Dubi raƙumi tsaye cikin awaki. Wuyanshi ya zarce kan kowa. Haka ake faɗa ma mutumin da ya yi zarra cikin tsararshi.

Ta uku ita ce brillar, ana faɗin ta "biriyar". Ma'anarta ƙyalli, irin na tauraro. Mu ma ai mukan ce tauraron wane na haskawa.

Ta huɗu ita ce superar, wato fin wani. Ɗan kokowar da ya fi abokin karawarshi, ya yi mishi superar. Amma ga abin da nake so ka riƙe. In aka ƙara "se" a ƙarshenta, sai ta zama superarse. Nan babu abokin karawa. Mutum ne ke fin kanshi: yau ya fi yadda yake jiya.

Wannan kalmar taka ce, kai da ka shigo ajin yaƙi da jahilci da girmanka. Wataƙila wani ya fi ka saurin karatu, har zuciyarka ta ce ka bari. Kada ka bari. Bara da ɗan yatsa kake dangwala ma takarda. Bana ga ka kana karanta kalmomin wata ƙasa mai nisa. In ba fin kai ba, mene ne wannan?

Gobe in Allah ya kai mu, ka zo da alƙalaminka. Akwai sauran shafi gaba.