Matan da Aka Ribato a Almarar Girkawa da Rumawa

Wanda duk ya karanta almarar Girkawa da Rumawa na dā, sunayen barade yakan riƙe. Mu kuwa yau muna so mu waiwayi waɗanda aka tasa gaba bayan ƙura ta lafa, watau matan da aka ribato.

Mawaƙinsu Homa ya buɗe waƙarsa Iliyad da gardama a kan ganima. Girkawa sun kewaye birnin Taroyi, sai sarkinsu Agamemnon ya ƙi karɓar fansar wata yarinya wadda ubanta ke hidimar gunkinsu Afolo. Annoba ta faɗa wa sansani, tilas ya mayar da ita, sa'an nan ya huce da ƙwace Birisayis, rabon jarumi Akilis. Akilis ya yi zuciya ya ajiye makamai, Girkawa suka yi ta mutuwa. Ba wanda ya tambayi Birisayis, ga shi kuwa an kashe mijinta da 'yan'uwanta uku. Sau ɗaya tak aka ji bakinta, shi ma wurin makoki.

Ku dubi darajarsu. A wata kokawa cikin waƙar, wanda ya yi kaye ladansa tukunya mai ƙafa uku, kimar shanu 12. Wanda aka kayar kuwa a ba shi baiwa gwanar aikin hannu, kimar shanu 4.

A shekara ta 415 kafin haihuwar Annabi Isa, Yuripidis ya nuna wa mutanen Atina wasansa na matan Taroyi. A ciki an rarraba gidan sarki: Hekuba ga Odisiyus, Kasandara ga Agamemnon, Andiromaki ga ɗan Akilis, an jefo ɗanta daga kan ganuwa. 'Yan watanni kafin nan masu kallon da kansu sun karkashe mazan tsibirin Melos, sun bautar da mata da yara.

Rumawa kuma sun ce Romulus, mai kafa birninsu, ya gayyaci Sabinawa biki, aka sace 'yan matansu. Da iyaye suka zo da yaƙi, matan suka shiga tsakani, gama ko wa ya ci, su ne zawarawa ko marayu. Aka yi sulhu.

To, jama'a, yawancin matan nan 'yan gidan sarauta ne, sarautar ba ta tsare su ba. Ashe gaskiyar masu magana, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.