Kundin Ƙa'idojin Aiki: Abin Da Ƙananan Kamfanonin Fasaha Za Su Koya Daga GitLab

Yawancin ƙananan kamfanonin fasaha suna farawa ne da mutum uku ko huɗu da suka san juna. Babu mai tambayar ƙarfe nawa ake zuwa aiki, ko wa ke riƙe da kalmar sirrin imel ɗin kamfani. Doka tana cikin kan oga, idan ta canza sai ya sanar a zauren WhatsApp, bayan mako biyu kuma saƙon ya nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da katunan ɗaurin aure. Haka za a yi ta tafiya har ranar da ma'aikata suka kai goma, ko ranar da wani ya ajiye aiki ya tafi da makullan sabar da ke ɗauke da shafukan kwastomomi. A ranar ake tuna cewa ba a taɓa rubuta komai ba.

Kundin ƙa'idojin aiki shi ne wurin da kamfani ke rubuta yadda yake gudanar da harkokinsa: lokacin aiki, hutu, ranar biyan albashi, yadda ake amfani da na'urorin kamfani, inda ake kai ƙorafi, da abin da ke jawo gargaɗi ko sallama. Ya bambanta da takardar ɗaukar aiki. Ita takardar ɗaukar aiki tsakanin kamfani ce da mutum ɗaya, shi kuwa kundi kowa ya shafa.

Kamfanin da ya fi yin suna a wannan fanni shi ne GitLab, mai manhajar da masu rubuta manhaja ke adana aikinsu a ciki. Wani ɗan ƙasar Yukren, Dmitriy Zaporozhets, ya fara rubuta ta a 2011, daga baya ya haɗa gwiwa da Sid Sijbrandij ɗan ƙasar Holan suka mayar da ita kamfani. GitLab ba shi da ofishin da ma'aikata ke haɗuwa kullum. Ma'aikatansa suna warwatse a ƙasashe da dama, wani yana barci lokacin da wani ke tsakiyar aiki. Tunda babu damar leƙawa teburin abokin aiki a yi tambaya, sai suka mayar da rubutu doka. Kundinsu yana kan intanet, kowa na iya karantawa, kuma kamfanin ya ce idan aka buga shi a takarda zai haura shafi 2,000.

Abin koyi a nan ba yawan shafukan ba ne. Kamfani mai mutum takwas da ya rubuta shafi ɗari ya ɓata lokacinsa, babu mai karantawa. Abin koyi shi ne tsarin da suke bi: duk wata sabuwar ƙa'ida a cikin kundi ake fara rubuta ta, sannan a sanar da ita, ba a fara sanarwa a ce za a rubuta daga baya ba. Idan sabon ma'aikaci ya yi tambaya, ana tura masa mahaɗin shafin da amsar take. Idan babu amsar, to an gano giɓi, sai a rubuta ta. Kuma da yake kundin yana zaune ne a irin ma'ajiyar da ake adana manhaja, kowane ma'aikaci yana iya tura shawarar gyara, mai alhakin shafin ya duba ya amince ko ya ƙi, tarihin wanda ya canza me, a wace rana, yana nan a ajiye. Wannan kaɗai yana kashe gardamar "ai ba haka aka ce ba a bara".

Sai dai rubutu shi kaɗai ba ya aiki, kuma GitLab ɗin ne ya nuna haka. A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyansu, yana ƙoƙarin gyara matsala da daddare, ya goge bayanan babban rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure, kusan gigabait 300. Da aka koma kan hanyoyin ajiyar kwafi, sai aka tarar yawancinsu ba sa aiki yadda aka zata. An yi asarar bayanan kusan awa shida. A bayanin da kamfanin ya fitar bayan haka, ya amsa cewa babu wani takamaiman mutum da aka ɗora wa alhakin gwada ko kwafin yana aiki. Tsari yana nan, mai shi ne babu. Shi ya sa duk ƙa'idar da za a rubuta ya kamata a ga sunan muƙamin mai kula da ita a gefenta, da ranar da aka duba ta ta ƙarshe.

Ga kamfanin da ke aiki a Najeriya, akwai abubuwan da ba ra'ayin oga ba ne, doka ce. Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da fara aiki. Ta ba shi hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi bayan ya yi wata 12, da hutun rashin lafiya har kwana 12 a shekara idan likita ya tabbatar. Ta kuma tsara wa'adin sanarwa kafin a rabu: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar. Dokar fansho ta 2014 kuma ta ɗora wa kamfanonin da ta shafa zuba aƙalla kashi 10 cikin 100, ma'aikaci ya zuba kashi 8.

Akwai wani lungu a nan da masu harkar fasaha ba su cika lura da shi ba. Ma'anar "ma'aikaci" a Dokar Ƙwadago ta cire masu aikin gudanarwa, na fasaha da na ƙwararru. Ke nan mai rubuta manhaja yana iya samun kansa a wajen inuwar dokar, abin da zai dogara da shi a gaban Kotun Ma'aikata shi ne takardar ɗaukarsa aiki da kundin kamfani. Idan babu ko ɗaya, shi da kamfanin duk suna cikin duhu. Wannan sashe na kundi shi ne ya cancanci a biya lauya ya duba.

Sauran abubuwan da kamfanin fasaha ba zai tsallake ba sun shafi mallaka da sirri. Manhajar da ma'aikaci ya rubuta ta wa ce? A Amurka aikin da ma'aikaci ya yi a bakin aikinsa na kamfani ne kai tsaye, amma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta fara ba wanda ya ƙirƙiri aikin ne, sai in an yi yarjejeniya akasin haka. Wanda ya kwafo kundin wani kamfanin Amurka daga intanet ya canza suna kawai, bai rufe wannan ƙofa ba. Sannan bayanan kwastomomi: tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, don haka ajiye lambobin waya da hotunan katin shaidar kwastomomi a wayar ma'aikaci ya wuce sakaci, yana iya jawo tara. Wannan ya shafi har mai shagon gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, wanda yaransa ke buɗe wayoyin mutane cike da hotunan iyali. Shafi ɗaya da ya ce ba a buɗe hotuna ko saƙonnin kwastoma, ba a kwafar komai, kuma ga hukuncin wanda ya yi, ya ishe shi.

Sabon abin da ya shigo shi ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira. A 2023 kamfanin Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da irin su ChatGPT a na'urorin aiki, bayan an gano wasu sun liƙa bayanan sirrin manhajar kamfanin a ciki. Ƙaramin kamfani ba sai ya hana gaba ɗaya ba, amma ya rubuta ƙarara abin da ba a liƙawa: kalmomin sirri, bayanan kwastoma, da manhajar da aka yi alkawarin ɓoyewa.

Wajen rubutawa, kowace ƙa'ida ta zo da dalilinta a jimla ɗaya, domin mutane sun fi bin abin da suka fahimta. A rubuta da harshen da ma'aikata ke ji, in Hausa ce a yi da Hausa. Kada a saka abin da ba za a iya zartarwa a kan ɗan'uwan oga ba, don ranar da aka ɗaga masa ƙafa sauran shafukan ma sun mutu. Kuma hanyar kai ƙorafi ta zama tana da ƙofa biyu, saboda wani lokaci wanda za a kai wa ƙarar shi ne wanda ake ƙara.

Ba a buƙatar manhaja mai tsada. Google Docs ko Notion sun isa, in dai wuri ɗaya ne kuma yana ajiye tarihin gyara. Shafin da ya kamata a fara rubutawa shi ne na ranar tafiyar ma'aikaci: wa zai karɓi kwamfuta, wa zai rufe imel ɗinsa, wa zai cire shi daga ma'ajiyar manhaja da zaurukan WhatsApp, waɗanne kalmomin sirri za a canza a ranar, da kuma ranar da za a biya shi sauran haƙƙinsa.