Tsohuwar katafila: kuɗin yana ƙarƙashinta

A garejin manyan motoci na Yamai, Maraɗi da Damagaram ba a rasa tsohuwar katafila mai sarƙa da ke jiran mai saye. Ƴan kasuwa masu neman kwangilar hanya ko yasar tabki su ne suka fi zuwa kallonta, sai kuma ma'aikacin da ya kusa ritaya, yake neman inda zai zuba abin da ya tara. Sabuwa ta fi ƙarfin aljihu, wannan kuwa ana cewa "gyara kaɗan take so". Wannan kaɗan ɗin ne ya kamata mai karatu ya auna tun bai fidda ko dala ba.

Sunan ya samo asali daga kamfanin Caterpillar na Amurka, wanda aka kafa a 1925, har ta kai ko Komatsu ta Japan katafila muke ce mata. Waɗanda suka fi farin jini a wajen makanikai su ne ƙirar shekarun 1970, kamar D7G mai ƙarfin doki 200 da D8K mai 300. Dalili a fili yake: babu kwamfuta a cikinsu, bakanike zai iya kwance su a gindin bishiya, kuma kayan gyaransu ba su yi wuya ba. Waɗanda suka girme su, masu ɗaga garmar gaba da igiyar ƙarfe, ana tada su da ɗan ƙaramin injin fetur, sun fi dacewa da mai sha'awar kayan tarihi.

Mai sayarwa zai nuna maka sabon fenti, ya tada inji ka ji ruri. Kai kuwa durƙusa za ka yi ka dubi ƙasa. Masana aikin sun daɗe suna cewa wajen rabin kuɗin kula da katafila a kan sarƙa da abin da take birgima a kai yake tafiya. Rairayin ƙasarmu kuma ba ya tausayin ƙarfe, yana shiga tsakanin gaɓoɓin sarƙa yana cin su kamar zarto. Dubi babbar ƙafar baya mai haƙora wadda ke jan sarƙar: in haƙoran sun yi tsini, ta ƙare. Shafa bututun da ke tsakanin gaɓoɓi, ka ji ko ya lotsa ko ya tsage. Dubi ƙananan ƙafafun ƙarfe na ƙasa ko suna zubar da mai. In an tura ƙafar gaba har ƙarshen mazauninta don a ɗaure sarƙa, to sarƙar ta miƙe, ba sauran gyara sai canji. Ba abin mamaki ba ne kuɗin sabunta wannan sashe gaba ɗaya ya kusa kamo kuɗin da aka sayi tsohuwar katafilar.

Agogon awowin aiki ba shaida ba ne, don canza shi ba wuya. Je da sassafe, ka taɓa inji ka tabbata da sanyinsa kafin a tada shi. A zaro sandar baƙin mai: in ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga. A kwance marfin man giyar da ke juya ƙafar baya, a duba ko akwai ɓarɓashin ƙarfe. Sannan direba ya kafa garma a tudun ƙasa, ya tura har inji ya yi zafi, ya juya dama ya juya hagu. Katafilar da ke juyawa gefe ɗaya kawai, kulocin juyi ko birkinta ya mutu, kuma isa gare su sai an buɗe bayanta. Wanda ya ce batir babu, ko gazuwal ya ƙare, don haka ba za a gwada ba, ya riga ya ba ka amsa. A irin wannan hali, farashin ƙarfen kilo ya kamata a yi ciniki a kai.

Kada a manta da ƙaramin allon lambar jiki. Da ita ake odar kaya, ko a wajen wakilin kamfani ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma dole ta dace da abin da ke cikin takardun duwan.

Saura ɗawainiya. D7G ta kai tan 20, ba ta taka kwalta, duk inda za ta sai an yi hayar babbar tirela. Tana shan fiye da lita 25 a awa in aiki ya yi tsanani. Tsofaffin ƴan kwangila ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da darajar sefa ta faɗi da rabi, kayan gyara na waje suka ninka kuɗi dare ɗaya. Rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023 kuma ya sa kaya da yawa suka zagayo ta Lome da Burkina, hanya ta ƙara tsawo. Ƙaramin ƙarfe guda na iya tsayar da katafila wata biyu, direba da mai gadi suna cin albashi, mai kwangila yana ƙirga kwanakin jinkiri.

Bakaniken da za ka je da shi ya zama naka ne, ba na mai sayarwa ba, kuma ya rubuta maka ƙiyasin gyara a takarda kafin a fara maganar farashi.