Ranar Da Kwamfutar Ajiyarmu Ta Ƙi Tashi

Shekara bakwai na yi ina naɗar muryoyin tsofaffi masu Sakkwatanci, ina adanawa a babbar kwamfutar sashenmu. Wata safiya da hunturu aka kunna ta, fanka na juyawa, fuska baƙa wuluk, sai ɗan kuka, tii-tii. Hankalina ya tashi, domin da yawa cikin tsofaffin nan sun riga mu gidan gaskiya.

Ashe kukan magana ce. Kafin ta farka, madabod kan binciki kayan cikinta, ta faɗi ciwon da adadin ƙara, kuma kowane kamfani da nasa karin harshen. Mai gyara ya saurara, ya zare katunan RAM, ya share ƙurar ramukansu, ya sauya ɗan batirin CR2032. Ta tashi. A daren na kwafe muryoyin a faifai biyu.