Tsofaffin idanun kyamara sun dawo aiki a hannun matasa

A gidajen ɗaukar hoto na dā, a Yamai da Maraɗi da Damagaram, kyamarorin fim sun daɗe da yin ritaya. Wasu suna cikin akwati ƙarƙashin gado, wasu an sayar wa ƴan gwangwan. Amma akwai sashe ɗaya na waɗannan kyamarori da bai mutu ba: idon gilashin da ke gabansu, wanda ƴan sana'a a nan suke kira objektif. A yau masu ɗaukar hoto da bidiyo a ƙasashe da dama suna farautar waɗannan idanu suna ɗaura su a kan kyamarorin zamani, kuma matashin da ke neman abincinsa da hoton biki ko bidiyon mawaƙa yana da dalilin sa ido a kan wannan kasuwa.

Dalili na farko kuɗi ne. Sau da yawa sabon ido mai kyau ya kan kusan kamo kyamarar kanta a tsada. Tsohon ido kuwa, na ƙarfe da gilashi, ba lantarki a cikinsa, ana samunsa da araha a kasuwannin kayan gwanjo na Faransa da Beljiyam da Jamus, inda ƴan uwanmu mazauna can suke yawo ranar Lahadi.

Abin da ya buɗe wannan ƙofa shi ne kyamara marar madubi. Panasonic ta fitar da ta farko, Lumix G1, a 2008, sannan Sony ta fitar da A7 a 2013. Kowane ido an ƙera shi ne ya zauna a wata tazara daga inda hoto ke sauka. Idanu masu baki irin na murɗawa da ake kira M42 suna son milimita 45 da rabi, na Canon FD milimita 42, na Nikon F milimita 46 da rabi. Kyamarar Sony marar madubi kuwa tazararta milimita 18 ce kawai. Saboda haka zoben ƙarfe marar gilashi ya isa ya cike giɓin, ido ya zauna daram. A kyamara mai madubi lissafin ba ya fita kullum: idon M42 a kan Nikon mai madubi ba ya kamo abin da ke nesa sai an ƙara wani gilashi, wanda ke rage kyan hoto.

Wanda ya fi shahara cikin tsofaffin idanun shi ne Helios 44-2, mai milimita 58, ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyet. An kwaikwayo shi daga Biotar na kamfanin Carl Zeiss na Jamus, aka ƙera miliyoyinsa tare da kyamarorin Zenit, shi ya sa har yanzu bai yi wuyar samu ba. Idan aka buɗe shi sosai aka ɗauki mutum a gaban bishiya, bayan hoton ya kan yi wani juyi kamar guguwa, fuskar kuma ta fito fes a tsakiya. A dā ana ɗaukar wannan a matsayin aibi. Yanzu shi ake nema, har mai ɗaukar fim Greig Fraser ya yi amfani da irin waɗannan idanu na Sobiyet, bayan an sake musu jiki, a fim ɗin The Batman na 2022 da Dune kashi na biyu na 2024.

Sai dai araha ba ta hana wahala. Waɗannan idanu ba sa daidaita kansu. Da hannunka za ka murza har fuska ta fito, da hannunka za ka buɗe ko ka tsuke ƙofar haske. Ga hoton amarya a zaune ko hira a gaban kyamara, wannan ba matsala ba ce, domin yawancin kyamarori marasa madubi suna shafa launi a gefen abin da ya fito sarai. Amma a filin kokowa ko wajen rawar biki, inda komai ke motsi, wanda bai saba ba zai koma gida da hotuna dishi-dishi, kuma mai biki ba ya sake ɗaura aure don a gyara hoto. Haka nan a ƙananan kyamarori na APS-C, milimita 58 ta kan koma kamar 87, wato ta yi wa hoton fuska kyau amma ta yi wa ɗaki ƙunci. Mai aiki cikin ɗakuna gara ya nemi milimita 28 ko 35.

Kafin a biya kuɗi, ko a aika wa ɗan uwa a waje ya saya, akwai abubuwan dubawa. A haska tocilar waya ta cikin gilashin. Ƴar ƙura ba ta ɓata hoto, amma zane-zane kamar saƙar gizo funfuna ce, wadda ta fi kama idanun da suka daɗe a ɗakuna masu danshi, kuma tana iya cin fuskar gilashi. A murza zoben a ji ko yana tafiya sumul. A duba ganyayen ƙofar haske, kada a ga maiƙo a kansu. A kuma tabbatar da irin bakin idon, domin kowane baki da nasa zobe. Wasu idanun Takumar na Japan masu milimita 50 sukan yi rawaya saboda sinadarin toriyom da ke cikin gilashinsu. Hasken rana ya kan rage rawayar.

Bayan ido ya iso, yanayinmu ne abokin gaba. Ƙurar hunturu tana shiga zoben murzawa ta haɗu da man ciki. Zafin watan Afrilu, musamman cikin mota a rufe, yana narkar da man ya gangaro kan ganyaye. A busa ƙura tukuna kafin a goge, kada a goge da bakin riga, kuma da damina a ajiye ido inda iska ke ratsawa.

Ba lallai sai an leƙa Turai ba. Zamanin da Philippe Koudjina yake ɗaukar hotunan dare a Yamai, a shekarun 1960 da 1970, da irin waɗannan kayan hannu aka yi aiki, kuma masu gidajen hoto da suka biyo baya sun bar kaya a hannun iyalansu. Duk wanda mahaifinsa ko kawunsa ya taɓa riƙe gidan hoto, ya buɗe akwatin nan kafin mai gwangwan ya zo. Ya karanta rubutun da ke zagaye da gilashin, ya nemi zoben da ya dace da shi, ya gwada a kan fuskar tsohon da ya fara riƙe shi.